Ra'ayinmu: Yaro Mai Baiwa Ma Mabukaci Ne



A duk lokacin da aka zauna taron dattawa ko na zumuntar mata aka taɓo maganar yara da makaranta, yaron da ake kawo kukansa shi ne wanda ba ya ganewa, ko wanda ya faɗi jarrabawa, ko wanda aka koro gida saboda kuɗi. Wannan daidai ne, domin irin waɗannan yara suna bukatar a tsaya musu. Amma akwai wani yaron da ba a cika kawo maganarsa ba, wato wanda Allah ya ba kaifin basira fiye da tsararrakinsa. Da zarar an ambace shi sai ka ji an ce, "Ai wannan ba shi da matsala, kansa na ja." Shi ke nan an wuce. Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, wannan yaro ma mabukaci ne, kuma mafi yawan irinsa da muke asara, a cikin gida da ajin firamare muke asararsu, tun kafin wata babbar makaranta ta san da su.

Bari mu fara da abin da hukuma ta tanada. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, domin a tsamo yara masu ƙoƙari a ba su horo na musamman. Likitoci da injiniyoyi da yawa da ke aiki a Kano da Jigawa daga nan suka fito. Jigawa ta ci gaba da wannan tsari, tana da makarantun kimiyya irin su ta Kafin Hausa, da ta Lautai a Gumel, da ta 'yan mata a Taura, nan kusa da mu. A zamanin Gwamna Sule Lamido, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, an gina makaranta ta musamman domin yara masu baiwa a Bamaina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ita ma gwamnatin tarayya tana da irin wannan makaranta a Suleja, Jihar Neja, wadda aka tsara lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi a gwamnatin Janar Babangida, ta kuma fara karɓar ɗalibai a 1990. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Ban da waɗannan akwai kwalejin tarayya ta Kiyawa da ta 'yan mata a Kazaure.

To, duk waɗannan makarantu ƙofa ɗaya gare su, ita ce jarrabawa. Jarrabawa kuwa wanda ya zo ya zauna take aunawa. Ba ta san yaron da ba a sayar wa fom ba. Ba ta san yarinyar da aka cire daga aji huɗu aka ɗora wa farantin talla ba. Ba ta san wanda tun yana aji uku ya gaji da zaman banza a aji, ya koma bin dabbobi ba. Makarantar Bamaina ba za ta zo tsakar gidanka ta duba ɗanka ba. Tsakanin ɗakin uwarsa da ƙofar wannan makaranta akwai tafiyar shekaru masu yawa, kuma wannan tafiya a hannunmu take, mu iyaye da malaman firamare da jama'ar da yaron ya tashi cikinta.

Abu na farko shi ne a gane yaron. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sau da yawa irin wannan yaro yakan fara magana da wuri, yana riƙe abin da ya ji sau ɗaya, yana yawan tambaya, kuma amsa ɗaya ba ta isarsa. Wani yakan koyi karatu da kansa daga allon yayansa. Wani yakan kwance rediyo ko tocila don ya ga abin da ke ciki. Wani ya fi son zama kusa da manya yana sauraro a kan wasa da tsararraki. Wani ƙaramin rashin adalci yakan dame shi har ya kasa barci. Mu kuwa muna da sunayen da muke ba irin wannan hali: rawar kai, iyayi, shisshigi, tsaurin ido, ƙaƙale. Da waɗannan sunaye da 'yar bulala muke rufe bakin yaro, mu ce mun koya masa ladabi. Ladabi wajibi ne, ba mu ce a bar shi ba. Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya raina babba da yaron da yake so ya san dalili, kuma aikin uba ne da uwa su iya raba biyun nan.

Kada kuma a ɗauka mai baiwa shi ne kullum na ɗaya a aji. A ƙasar Indiya an yi wani saurayi, Srinivasa Ramanujan, wanda aka janye masa tallafin karatu a kwaleji domin ya faɗi sauran darussa, ba abin da yake so sai lissafi. Ya koma aikin akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras. A 1913 ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani malamin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, G. H. Hardy, wanda ya karanta ya gane abin da ke gabansa, ya nemo shi. Ramanujan ya rasu a 1920 yana da shekara 32, amma har yau masana suna aiki da abin da ya bari. A nan gida kuma ga Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda tun yana yaro zanen motoci ne abin sha'awarsa. Ya yi kwalejin tarayya ta Sakkwato da kwalejin fasaha ta Birnin Kabi, jiharsa ta ba shi tallafi ya tafi birnin Detroit na Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, inda aka san shi da zanen motar Chevrolet Volt. Yara nawa ne a cikinmu aka mara domin sun ɓata littafi da zane? Baiwa iri-iri ce: akwai ta lissafi, akwai ta harshe, akwai ta kiɗa da waƙa, akwai ta aikin hannu, akwai ta iya shugabanci.

Wani zai ce, to mene ne bukatar yaron da ya riga ya iya? Ku duba zamansa a aji. Malami ɗaya ne da yara masu ɗimbin yawa, dole ya tafi daidai da tafiyar mafi yawansu. Abin da wannan yaro ya gane a minti biyar, za a yi mako ana maimaita shi. Daga nan ɗayan abu uku ke faruwa. Ko dai ya zama mai surutu da tsokana har a san shi da fitina, ko ya yi shiru ya ɓoye abin da ya sani don kada abokai su tsane shi, ko kuma ya saba cin jarrabawa ba tare da ya yi karatu ba. Wannan na ukun ya fi haɗari, domin ranar da ya isa inda ake bukatar naci, a babbar sakandare ko jami'a, sai ya tarar bai taɓa koyon yin wahala a kan littafi ba, ya faɗi warwas, kowa ya yi ta mamaki. Ga kuma kaɗaici, domin tunaninsa na manya ne amma zuciyarsa ta yaro ce. 'Ya mace kuwa nata ya fi yawa: ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai raino, kuma tun da wuri take koyon cewa yarinya mai yawan sani ba a cika yabonta ba.

A kan muhimmancin gida akwai wani bincike da ya kamata iyaye su sani. A 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman, ya zaɓi yara kimanin 1,500 masu kaifin basira a jihar Kalifoniya, aka yi ta bin rayuwarsu har tsufansu. Da aka kwatanta mazan da suka yi nisa a cikinsu da waɗanda suka tsaya a hanya, sai aka ga tazarar basirarsu kaɗan ce. Inda suka fi bambanta shi ne irin gidan da suka tashi, da naci, da sanin inda aka dosa. Wato basira iri ce kawai. Kowane manomi a cikinmu ya san iri mai kyau ba ya hana gona lalacewa idan ba a yi noma ba.

Me gida zai yi ke nan, musamman gidan da ba shi da hali? Abu mafi girma ba ya cin ko kwabo, shi ne a saurari yaron. Idan ya yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce masa ba ka sani ba, ku je tare ku tambayi wanda ya sani. Wannan ba ya rage girman uba. Ko ba ka yi boko ba kana da abin ba shi: idan ka kai riɗi ko zoɓo kasuwar Gujungu ko Maigatari, bar shi ya yi lissafin kwano da buhu da kuɗin mota, ya faɗa maka ribar. Uwa ta ba shi tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, ta bar shi ya kawo nasa. A keɓe masa lokacin karatu kowace rana wanda ba a aikensa a ciki, a sama masa fitila mai cajin rana. A raba aikin gida da adalci tsakanin maza da mata. Aikin gona da na gida horo ne mai kyau, kada a ɗauke masa gaba ɗaya, amma kada damina ta cinye masa zangon karatu sukutum.

Haka nan ƙwaƙwalwa nama ce, tana bukatar abinci da lafiya. Ƙarancin jini da rashin sinadarin aidin suna dushe fahimtar yaro, zazzaɓin cizon sauro kuma yana hana shi zuwa makaranta, mai tsananinsa har yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Wake da gyaɗa da zogale da ƙwai da gishiri mai aidin da gidan sauro duk suna cikin kayan karatu, kamar yadda littafi da fensir suke. Kada yaro ya tafi makaranta da cikin jiya.

Akwai kuskure biyu da ya kamata iyaye su kiyaye. Na ɗaya shi ne danne yaro, ko don tsoron kambun baka, ko don gudun kada ya yi girman kai. Na biyu kishiyarsa ne, wato mai da yaro abin nuni, a riƙa kiransa gaban baƙi ya yi karatu, a riƙa goranta wa 'yan'uwansa da shi. Wannan yana shuka ƙiyayya a cikin gida, yana kuma sa yaron ya ɗauka ƙaunar iyayensa a kan makinsa take rataye. A yaba masa a kan ƙoƙarin da ya yi, a bar shi ya gwada abu mai wuya ya kasa ya sake gwadawa, a kuma nuna masa ko ya zo na goma shi ɗa ne a gidan. Sannan a bar shi ya yi wasa. Yaro ne.

Maganar tsallake aji ma tana bukatar natsuwa. Iyaye da yawa suna cire yaro daga aji huɗu ko biyar su kai shi sakandare, suna alfahari. Ga wasu yara ƙalilan tsallake aji ɗaya yana da amfani, idan malamai sun auna sun ga ya dace, kuma yaron zai iya zama cikin waɗanda suka girme shi. Amma a tuna, shekarar shiga jami'a a ƙasar nan 16 ce. A 2025 hukumar JAMB ta ce wanda bai kai haka ba sai ya ci aƙalla maki 320 cikin 400, sannan ya sake tsallake wata tantancewar, kafin a dube shi. Yaron da aka yi ta gaggawa da shi ya gama sakandare yana da shekara 14, sau da yawa zaman jira zai yi a gida. Ya fi kyau a zurfafa masa karatu a inda yake, a kan a yi ta tura shi gaba yana tafe da giɓi.

A wajen makaranta kuma, muna roƙon iyaye su san malamin ɗansu ido da ido. Kada sai ranar da aka yi faɗa za a gan ku. Ku je da ladabi, ku gaya masa abin da kuka lura da shi a gida, ku ji nasa. Malamanmu suna aiki cikin wahala, kuma wanda aka girmama yakan yi fiye da abin da aka roƙe shi. Ga 'yan'uwanmu da suke koyarwa kuwa, shawararmu ita ce: yaron da ya gama aiki da wuri, a ba shi tambaya mafi wuya, kada a ƙara masa guda ashirin irin wadda ya riga ya iya, domin wannan hukunci ne a kan ƙoƙari. A ba shi aron littafin ajin gaba. Ya taimaki 'yan ajinsa wani lokaci, amma kada a mai da shi ƙaramin malami ko mai rubuta sunayen masu surutu kullum, shi ma ya zo koyo ne. Idan ya gyara wa malami kuskure a kan allo, a koya masa yadda ake faɗa cikin ladabi, kada a dake shi a kan gaskiya. A sa sunansa a gasar lissafi da kacici-kacici da muhawara. Iyayenmu kuma su shiga ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, domin a nan ake yanke shawarar da ta shafi yaran kowa.

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu a matsayin jama'a marasa yawa. Mun sha jin ana cewa, "Ko an cika fom ba za a ɗauki namu ba." Da wannan magana iyaye da dama suke naɗe hannu. Ba mu ce kowace hanya a share take ba. Amma idan yaro ya zauna jarrabawa ya ci, aka hana shi gurbi, ƙungiya tana da takardar da za ta riƙe ta bi kadinsa cikin lumana har inda ya kamata. Fom ɗin da ba a cika ba kuwa, babu wanda zai iya bin kadinsa. Wanda ya hana ɗansa gwadawa ya yanke masa hukunci da hannunsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙarancin yawa kuma bai taɓa hana al'umma fitar da mutane ba. Ku dubi Wusasa, 'yar unguwa a gefen Zariya. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. A makarantar Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ba da yawan jama'a ko dukiya suka kai nan ba. An lura da su tun suna ƙanana, aka sa musu littafi a hannu, aka raka su har inda ƙarfinsu ya kai, amfaninsu kuma ya game Arewa duka, Musulmi da Kirista.

Saboda haka muna kawo wa majalisun dattawa shawara huɗu. Na farko, kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu ilimi, har da mace, waɗanda aikinsu shi ne sanin lokacin da ake sayar da fom na Bamaina da Suleja da makarantun kimiyya da kwalejojin tarayya, su sanar a sujada tun da sauran lokaci, su kuma taimaka wajen rajista, tun da yawancinta yanzu a intanet ake yi. Na biyu, a tabbata kowane yaro yana da takardar shaidar haihuwa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar ƙaramar hukumarsa, sunansa kuma iri ɗaya ne a cikinsu duka. Yara da yawa bambancin harafi ɗaya ne ya tsayar da su. Na uku, a keɓe wani abu daga baikon godiyar kaka, ko da kwanon gero ne daga kowane gida, domin kuɗin fom da na mota zuwa wurin jarrabawa, a riƙa karanta lissafinsa a fili, a kuma bayar bisa cancanta da bukata, ba don ɗan wane ne ba. Na huɗu, a ajiye akwatin littattafai na aro, ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da kwalejin ilimi ta Gumel su ba da 'yan sa'o'i lokacin hutu su koyar da ƙannensu. Idan ɗan maƙwabci ya zo, ko wane ne ubansa, a buɗe masa ƙofa. Malaman makarantar Lahadi kuwa su ne idonmu, domin sau da yawa su ke fara ganin yaron da ya yi fice.

Mun san wani dattijo zai ce, ga marayu, ga marasa lafiya, ga rufin ɗakin sujada yana yoyo, yaya za a kashe kuɗi a kan wanda ya riga ya fi saura? Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce, ba mu ce a ɗauke daga bakin wani a ba shi ba, kuma yawancin abin da muka lissafa kulawa yake ci fiye da kuɗi. Sau da yawa ma maraya shi ne mai baiwar. Adalci ga yara shi ne kowa ya sami abin da yake bukata don ya girma, kamar yadda uwa ba ta ɗinka wa 'ya'yanta riga awo ɗaya. Akwatin littattafan da aka ajiye domin mai saurin ganewa, mai jinkirin ganewa ma zai karanta. Abin da za mu nema a wurin yaron shi ne ya tashi da sanin cewa baiwarsa amana ce, ba shi ya ba kansa ba, kuma hannuwa da yawa ne suka ɗaga shi.

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan ƙasar Garki. Daga wannan aiki aka fitar da wani tsarin lissafi na yadda cutar ke yaɗuwa, wanda har yau masana a duniya suke kiransa da sunan Garki. Waɗanda suka jagoranci aikin daga nesa suka zo. Cutar kuwa tana nan tare da mu, ga matsalar ruwa, ga ta ƙasar noma, ga ƙarancin likitoci da malamai. Waɗanda za su iya tunkarar waɗannan abubuwa nan gaba suna zaune a kan tabarmi a gidajenmu yanzu haka, suna damunmu da tambaya.

Muna roƙon kowane uba da uwa da dattijo, kafin fitowa ta gaba, ya zauna ya dubi yaran da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, ya tambayi kansa abin da aka ba kowannensu, da abin da shi ya yi a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon abin da ya danƙa a hannunmu, ya albarkaci yaranmu da malamansu, ya ba jiharmu zaman lafiya. Amin.